Za a Hau Sama

A Faggen da na tashi, namiji ba ya hawa sama bakinsa a rufe. In damina ta matso magini zai taka tsani ya gyara rufin soro, ko wani zai hau ya buɗe indararon da ya toshe, sai ya tsaya a ƙasa tukuna ya ɗaga murya: "Maƙwabta, za a hau sama, mata a kintsa." Daga nan kowace mace ta ja mayafi ko ta shige ɗaki. Shi kuma ya hau ya yi abin da ya kai shi kansa a sunkuye, in ya dira ya sake cewa, "An sauko." Ba wanda ya rubuta wannan doka, ban kuma taɓa jin an ci wani tara a kanta ba. Gidajenmu duk tsayinsu ɗaya, ƙasa ɗaya aka kwaɓa aka yi su, zankayensu kawai ke ɗan ɗara juna. Abin da ya fi su tsawo sananne ne: Dala da Goron Dutse, da hasumiyoyin sabon masallacin birni, sai dalar gyaɗa can wajen tashar jirgin ƙasa. Su kuwa ba mai kwana a kansu.

Yanzu in jikokina suka zauna suna gardamar ko dogayen gine-ginen nan sun dace da Kano, wannan ya ce sun ƙawata gari, wancan ya ce sun ɓata shi, sai in ji zama ya gagare ni, in tashi in yi ta kai-kawo. Duk daga titi suke kallon ginin. Ni daga tsakar gida na fara ganinsa, shekarun nan kafin a ba mu mulkin kai.

A lokacin na dawo gidan iyayena wankan jego, haihuwata ta fari. Mu asalinmu Barebari ne, kakanninmu suka zo Kano da fataucin kanwa suka zauna. Baba ya gaji sana'ar, yana da rumfa kusa da tasha. Inna kuma turaren wuta take haɗawa, irin na mutanenmu, wanda amare ke aiko a saya tun daga cikin birni. Inna ba ta fita. In ka cire gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, su ma bayan magariba, ƙafarta ba ta taka zaure. Amma ban taɓa jin ta ce an tsare ta ba, domin tana da tsakar gidanta. Nan take daka, nan take shanya saiwar gajiji da itacen turare a kan faifai, nan take tsefe kanta, nan take karɓar baƙi. Da inuwar katanga take sanin azahar ta yi kafin ladan ya buɗe baki. In ana neman jinjirin wata, sau da yawa ita ke riga mazan unguwa ganinsa, ta turo a gaya musu su daina wahalar da wuyansu.

Bayan gidanmu akwai wani Alhaji, ɗan kamashon gyaɗa ne da kasuwa ta yi wa kyau. Ya je Ikko ya ga abin da ya gani, ya dawo ya ce shi ma sai ya yi irinsa. Ya rushe sashen gidansa da ke jingine da namu, motoci suka yi ta juye bulo da yashi da siminti. Aka ce bene ne hawa uku, kantuna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Maginan unguwa ba su san aikin ba, don haka ya ɗauko birkila daga Sabon Gari, wani Ibo Kirista da bai daɗe da zuwa daga ƙasarsu ba, dogo, mai yawan dariya.

Muddin ginin bai wuce katangarmu ba, hayaniya ce kawai, muka jure. Sai wata safiya. Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno da ɗaurin ƙirji, kanta ba ɗankwali, tana juya turare a faifai. Ni kuma na fito daga makewayi, wanda ba shi da rufi kamar na kowa, jikina na tururin ruwan zafi. Na ɗaga kai don in ga ko rana ta yi, sai na ga mutum tsaye a sama da cokalin gini a hannu. Ba kallonmu yake yi ba ma, igiya yake ja. Da ya juyo ya gan mu, sai ya yi murmushi ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu, Mama."

Ban taɓa ganin Inna ta yi gudu ba sai ranar. Faifan ya kife, turaren ya watse a ƙasa. Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa ina zazzaga masa duk abin da ya zo bakina, har Inna ta miƙo hannu ta fizgo ni ciki.

Aka aika wa Baba. Ya baro rumfa ya zo ransa a ɓace, ya zagaya wurin ginin. Da ya dawo fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce mutumin bai sani ba, a garinsu ba a shela kafin a hau. Leburorin da ya kamata su gaya masa kuma kowa ya ɗauka wani ya faɗa. Har ƙasa ya durƙusa yana ba da haƙuri, ya sa Baba ya maimaita masa kalmomin har ya riƙe. Baba ya ce, "Mutumin kirki ne. An gama."

Ashe a nan aka fara. Kashegari rana na fitowa muka ji murya kamar ta mai shelar sarki: "Maƙwabta, za a hau sama, mata a kintsa." Muka shige ɗaki. Muka jira "an sauko". Hantsi ya yi, azahar ta yi, la'asar ta wuce, sai dab da magariba ya faɗa. Haka jibi, haka gata. Bai taɓa mantawa ba ko sau ɗaya, kuma a zuciyarsa ya biya haƙƙin maƙwabtaka. Idan ya gamu da Baba a hanya har tambayarsa yake ko muryar tana kaiwa. Abin da aka tsara don gyaran rabin yini ya zama mana zaman ɗaki na watanni.

Ni dama ba mai haƙuri ba ce, jego kuma ya ƙara min. Ɗakin Inna ƙarami ne, tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ga ni, ga jaririya, ga Inna, ga tukwanen turare. In zauna, in tashi, in leƙa ta jikin asabari, in dawo. Wankana na ganyen runhu da ake yi da hantsi ya koma asuba, a gurguje, kafin mai shela ya iso. Kunun kanwar ma a ƙofar ɗaki ake dama shi, Inna lulluɓe da mayafi kamar mai zuwa unguwa, hayaƙi na shigo mana. Jaririyar ta fito da ƙurajen zafi a wuya. Turaren da aka jiƙa ya rasa rana, wani ya yi fumfuna aka zubar. Wata mai aiken amarya ta zo ta koma hannu wofi, abin da bai taɓa faruwa ba a gidan.

Na ce, "Inna, mu fita mana. Mu sa mayafi mu yi aikinmu, in sun ga dama idonsu ya faɗo."

Ta ce, "Ke dai ba ki da kunya. Gidan da sai na yafa mayafi zan zauna a cikinsa, ai kasuwa ce."

Baba ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ga ramukan tagogi sun fara bayyana a bangon da ke fuskantarmu, manya-manya. Ya ɗauki liman da wasu dattawa biyu suka je wurin Alhaji. Ni ban je ba, amma Baba ya kawo mana zancen tiryan-tiryan yana tsaye a bakin ƙofa. Alhaji ya karɓe su da goro. Ya ce filinsa ne, bai ci na kowa ko taku ɗaya ba, kuma an ba shi izini. Ya ce gari gaba yake yi, nan da 'yan shekaru kowa zai yi bene, su ma su yi. Ɗaki ba taga kuwa wa zai kama haya, a dafa mutum? Da liman ya ambaci haƙƙin maƙwabci, sai Alhaji ya ce ya ji, ya kuma ɗauki alkawari zai kafa wa 'yan haya sharaɗi: duk wanda zai hau, ya yi shela kamar yadda aka saba. Dattawan suka ga an ba su wani abu, suka yi addu'a suka taso.

Inna ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Malam, mai hawa ke cewa za a hau, don zai sauko. Wanda ya tare a can da tabarmarsa da tukunyarsa, yaushe zai ce an sauko?"

Baba ya ɗauki buta. Ya ce bari ya je masallaci, alhali da sauran lokaci.

Rana ɗaya ce tamu a mako, Lahadi, saboda birkila yana zuwa coci kuma ba ya yarda a taɓa masa aiki ba ya nan. Ran Lahadi Inna ba ta shiga ɗaki ko don shan ruwa. Duk fayafayan gidan da tabarmi suna waje, wanki a kan igiya, ita kuma a tsakiya.

Matar birkilan ita ke kawo masa abinci da rana. Ita a Sabon Gari ta girma, tana da teburin atamfa a kasuwa, Hausarta ta fi ta mijin nesa ba kusa ba. Da ta ji akwai mai jego a gidan da mijinta ya yi wa laifi, sai ta yi sallama ta shigo da sabulu da 'yar riga. Na so in ɗaure mata fuska, amma ta ɗauki jaririyar tana yi mata wasa har na manta. Ta saba zuwa. Ta sayi turare, Inna ta ƙi karɓar kuɗin. Sai dai abin da ke damunmu bai shiga kanta ba.

Ta ce, "Mama, mu a gidan da muke haya iyali nawa ne, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Da yamma kowa ya fito baranda yana kallon titi, na titi na kallonsa. Wa ya damu da wani? Wa zai bar aikinsa ya tsaya kallonki?"

Inna ta ce, "'Yata, ba sai an kalla ba. A ce dai ana iyawa."

Da na yi arba'in aka shirya ni yawon gaishe-gaishe, ranar ta faɗo Lahadi. Na fito da goyo, na sha lalle da sabon zane, iskar waje na dukana har ina jin jiri don daɗi. A bakin lungu na ci karo da matar birkila, ta taso daga coci, mijin ya aiko ta ta ɗauko masa wani abu da ya manta a wurin aikin. Ta ce, "Zo ki ga abin da kike zagi." Na san bai kamata ba. Amma na gaji da jin abu a kaina ban san kamarsa ba, kuma mace ba ta shela in za ta hau. Na gyara goyona na bi ta.

Matakalar ba a sa mata abin riƙewa ba, siminti na ƙamshin danshi. Muka hau, muka sake hawa. Da muka kai hawa na ƙarshe ta ja ni bakin tagar da ke kallon yamma.

Zan faɗi gaskiya, raina ya yi fari. An haife ni a Kano amma ranar na fara ganinta. Ga ganuwa ta miƙe, ga birni a bayanta ja wur, rufin soraye a jere har inda ido ya tsaya. Ga Dala kamar in miƙa hannu. Da na leƙa ta wani gefen, ga dalar gyaɗa, ga jirgi yana fita daga tasha da hayaƙinsa, ga rufin kwanon Sabon Gari na ƙyalli. Iskar da ke wurin ban taɓa shaƙar irinta ba. Na ce a raina, wallahi da ni ce da ɗakin nan ba mai sauko da ni. Har na fahimci Alhaji, abin da ban so ba.

Sai matar ta ce, "Ga gidanku nan," ta kai ni tagar da ke ɗaya bangon.

Ban zaci kusa ne haka ba. Komai a buɗe, kamar an ɗage murfin kwano. Ga makewayinmu da butar da na bari. Ga na maƙwabta, ga na bayansu, wata tana yi wa ɗanta tsarki, wani tsoho yana barci ba riga. Ga Inna. Ta baza fayafayanta ta zauna a tsakiyarsu ta miƙe ƙafafu, ta kwance kitso, furfurarta duk a waje, ban ma san ta kai haka ba. Ta ɗaga fuska sama ido a rufe, rana na dukanta. Bakinta na motsi, kafaɗunta na ɗan rausaya, waƙa take yi da yaren iyayenta, wadda ba ta yi ko a gabanmu. Har tabon ƙunar da ke kafaɗarta ina gani.

Na ji kunya ta rufe ni kamar ni aka leƙa. Matar birkila ta ja da baya tun kafin ni, ta dafa bango. Ta ce a hankali, "Ashe haka ne." Muka sauko.

Ta gaya wa mijinta, na sani, domin ya je ya sami Alhaji ya ce a bar shi ya toshe tagogin ɓangarenmu ya fasa wasu ta gefen titi. Alhaji ya ce an riga an yi wa kafinta aike, firam ɗin na hanya, kuma shi ya ɗauko birkila ba birkila ya ɗauko shi ba. Birkilan ya zo har zaure ya faɗa wa Baba, yana murza hularsa a hannu. Baba ya yi masa godiya. Ya fara lissafin ƙara wa katanga tsawo, magini ya zo ya duba ya ce ko an ninka ta biyu na hawa na uku zai gani, kuma gindinta ba zai ɗauka ba, ruwan farko zai kwantar da ita a kanmu.

Ban gaya wa Inna na hau ba. Amma a Fagge ba a ɓoye irin wannan, wata ta hango jan mayafina ta kai mata. Ta bari sai da muka rage mu biyu, ina ba jaririya nono, ita tana tsince gajiji.

Ta ce, "An ce kin hau."

Na ce, "Na hau, Inna."

"Me kika gani?"

Na shiga ba ta labarin Dala da ganuwa da jirgi, ina ƙara gishiri, ina ja don kada mu iso inda za mu iso. Ta saurara da gaske, har ta tambaye ni ko ana hango hanyar gabas, wadda ake bi a je garinsu. Na ce ana hangowa.

Ta ce, "Ni fa?"

Na ce, "Na gan ki."

"Kaina a buɗe?"

"A buɗe."

"Har ina..." Ba ta ƙarasa ba. Na ɗaga mata kai.

Ta ci gaba da tsintar gajijinta. Da Baba ya dawo, ita da kanta ta ce masa ya nemo kafinta ya rufe tsakar gidan da kwano, daga katanga zuwa katanga, har makewayi. Baba ya ce, "Zafi fa? Shanyarki fa?" Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce mu ne za mu rufe kanmu saboda wani ya yi kuɗi? Na ce a bar ko kusurwa ɗaya. Ta ce kusurwar da rana za ta shigo, ido ma zai shigo. Shanya kuma za ta riƙa aikawa gidan ƙanwarta a cikin birni, a shanya a dawo mata da shi.

Satin da 'yan hayar farko za su tare, ni ban koma ɗakin mijina ba tukuna, kafinta ya zo da yaransa da kwano sabo fil. Bakano ne, ya san ƙa'ida. Suka kakkafa ginshiƙai suka jera katako, mu muna ɗaki. Da lokacin ɗora kwanon ya yi, ya jingina tsani a katangarmu ya tsaya ya ce, "Za a hau sama, mata a kintsa."

Ina jin maƙwabta suna jan ƙofofinsu. Inna ta miƙe, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno ta fita. Ta ajiye ta a tsakiyar gidan, inda ta saba, ta zauna. Kafinta ya ɗauka ba ta ji ba, ya sake faɗa, ya dubi Baba. Baba ya dubi ƙasa.

Inna ta ce, "Na ji, ɗana. Ku hau."

Suka hau. Suka fara daga ɓangaren benen, falle bayan falle, guduma na tashi, inuwa na matsowa. In ta iso ƙafarta sai ta ja kujerar gaba kaɗan zuwa inda rana ta rage. Na fito da goyona na tsaya a bayanta, ba ta ce in koma ba. Haka muka yi ta matsawa har bayanta ya taɓa katangar gabas, sama ta rage kamar faɗin tabarma. Kafinta ya riƙe fallen ƙarshe yana jira, bai san abin da zai yi ba. Inna ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, sannan ta ce masa, "La'asar ta kusa. Sa, ka je ka yi salla."

Ya sa, ya buga ƙusoshinsa, ya dira ya ce, "An sauko." Inna ta juyo cikin duhun ta ce in kunna mata fitila, ba ta ganin inda ta ajiye butarta.